Idan Birkin Mota Ya Yi Laushi: Yadda Ake Gano Ciwon da Yadda Ake Gyara Shi

Bara, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, na taho ta Ƙofar Ƙaura a tsohuwar Corolla tawa, sai mai Keke Napep ya ja ya tsaya a gabana babu ko sigina. Na taka birki, na ji ƙafata ta wuce inda ta saba tsayawa, kamar na taka buhun auduga. Sai da na ɗaga na sake takawa sannan motar ta tsaya. Allah ya kiyaye, ban taɓa shi ba. Daga nan na zarce gareji. Yaron da na tarar bai ko sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar ba, ya ce mani, "Alhaji, ai masta ce ta mutu." Masta ita ce famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Aka sayo wata 'yar Beljiyam aka ɗaura. Bayan kwana huɗu laushi ya dawo yadda yake. Wani dattijon bakanike ne daga baya ya kwance tayar baya ta dama, ya buɗe duram, ya nuna mani lainin ya jiƙe sharkaf da mai. Ƙaramar silindar da ke ciki ce take yoyo, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da na kashe a kan masta ba.

Tun daga ranar na daina yarda a saya wa birki komai sai an gano inda ciwon yake. Kuma gano shi ba ya buƙatar na'ura mafi yawan lokaci. Ƙafarka da idonka da tocila sun isa.

Yadda abin yake aiki, a taƙaice

Idan ka taka feda, ƙarfin ƙafarka yana bi ta busta, wato baƙin kaskon nan da ke manne da jikin mota a bayan inji, ya tura fistin a cikin masta. Masta ta matsa mai, man ya bi fayif-fayif na ƙarfe da tiyon roba zuwa tayoyi huɗu. A gaba kalifa ce ke matse fad a jikin diski. A baya, a yawancin ƙananan motocinmu, ƙaramar silinda ce ke buɗa lainin ya kama duram. Sirrin duka shi ne ruwa ba ya matsuwa. Abin da ka tura a sama, shi zai isa ƙasa, kamar yadda Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. Da zarar ƙwayar iska ta shiga layi, ƙafarka za ta ɓata tafiyarta wajen matse iskar kafin mai ya motsa. Saboda haka laushin birki ɗayan abu huɗu ne: iska ta shiga, ko mai yana gudu ta wani wuri, ko wani abu yana kumbura, ko kuma tazarar da ke tsakanin abin kamu da abin da ake kamawa ta yi yawa.

Idan abin ya same ka kana tafe, famfa fedar da sauri sau uku ko huɗu, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa jan birkin hannu a hankali yatsanka na kan maɓallinsa. Kada ka kashe inji, domin busta da sitiyari duka za su yi tauri. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba masta gida biyu, ta yadda idan layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe tayoyi biyu, amma sai feda ta kusa ƙasa yake kamawa. Wannan na gangarawa gefen titi ne kawai, ba na ƙarasawa Daura ba.

Fara da ƙafa

Ajiye motar a wuri mai daidai, inji a kashe. Taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, saboda ƙarfin zuƙar da busta ta ajiye ya ƙare. Bar ƙafarka a kai, ka tayar da inji. Feda za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya. Wannan alamar lafiyar busta ce. Na fara da ita ne don a cire ta daga zargi, saboda ana yawan ɗora mata laifin da ba nata ba. Busta idan ta lalace, tauri birki yake yi kamar ka taka dutse, ba laushi ba.

Yanzu inji na aiki, taka sau ɗaya ka lura. Idan fedar tana da taushi kamar soso, kuma tana ɗagowa tana ƙara ƙarfi idan ka famfa, amma har a ƙarshe ba ta yin tauri sosai, iska ce. Idan tana tafiya can ƙasa babu komai, sannan ta ci karo da tauri mai kyau, ba iska ba ce, tazara ce. Ja birkin hannu ya kai rabi ka sake takawa. In ka ji fedar ta ɗago sama, to lainin baya ne ya cinye ko ya ja baya, saiti yake so.

Gwaji na uku shi ne na masta, kuma nan ake yawan kuskure. Ɗora ƙafa a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar yadda kake riƙe mota a danja, ka tsaya haka kamar rabin minti. Feda mai lafiya ba ta motsi. Idan ta riƙa nutsewa sannu a hankali har ta kai ƙasa, mai yana sulalewa. Sauran tambaya ita ce ta waje yake fita ko ta ciki. In ka taka da ƙarfi lokaci guda ta riƙe, amma da taushin ƙafa ta nutse, kuma man da ke kofi bai ragu ba, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagaye su yana komawa kofi. A nan ne kawai maganar yaron nan ta "masta ta mutu" take zama gaskiya.

Akwai kuma laushin da ke zuwa ya tafi. Da safe birki garau, bayan doguwar tafiya da lodi ya shanye, in mota ta huce ya dawo. Wannan man ne yake tafasa, za mu zo kansa.

Sai ido

Ɗaga bonet ka dubi kofin man birki, yana bisa masta, daidai gaban mazaunin direba. Akwai layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Kafin ka buɗe murfin goge shi da tsumma, musamman lokacin hunturu, don ƙurar Katsina ba ta neman izini. Mai mai kyau garai-garai yake, da ɗan launin ruwan zuma mara duhu. In ya koma kamar shayi mai kauri ko baƙi, ya tsufa.

Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, ba ya kuma raguwa kamar baƙin mai. In ya sauka kaɗan, fad ne ya ci, fistin ya fito ya ja mai ya cike gurbin. In ya sauka sosai, ko kana ƙarawa duk mako, yoyo ne, kuma ƙari ba magani ba ne. Direbobi da yawa suna yawo da gwangwanin mai a ƙofa suna zubawa kamar sadaka, har ranar da ɗan yoyon zai zama fashewa.

Bi layin da tocila. Shafa ƙarƙashin masta inda ta haɗu da busta. Idan fentin wurin ya kwaile ko akwai danshi, masta tana zubar da mai ta baya cikin busta, kuma irin wannan ba ya ɗiga a ƙasa balle ka gani. Sunkuya ka dubi cikin kowace taya. Taya mai jiƙaƙƙen ciki wadda ƙura ta manne mata ta yi dabbare, ita ce mai laifi. Ɗaga motar da jak, amma kada ka taɓa sa jiki ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Tokare ta da ƙarfen tsayawa ko katako mai kauri, ka kuma sa dutse a tayoyin da ke ƙasa. Kafin ka cire taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, boris ya saki, kuma diskin da ke rawa yana tura fistin baya, shi ya sa wani birkin yake yin nisa bayan an sha kwana ko an bi hanya mai gargada, sai an taka sau biyu.

Cire tayar ka dubi fad. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko zuwa 3 a canja shi. In ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da kauri, ƙarafan da kalifa ke zamewa a kansu sun cije, sai a zare su a wanke a shafa giris na birki. Giris ɗin boris na gama-gari yana kumbura robarsu. A baya, buɗe duram ka ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silinda da sukundireba. Bushe ya kamata ta kasance. In mai ya biyo, canja silindar, kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da fetur ko da ƙona shi a wuta kamar yadda wasu ke yi. A canja na tayoyin biyu tare.

Tiyon roba kuma sai da mutum biyu. Wani ya taka da ƙarfi, kai kana riƙe da tiyon. In ka ji yana kumbura a hannunka ko ka ga tsaga a bayansa, ƙarfin ƙafar a nan yake ƙarewa. Zafin bazararmu, da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana cin roba, kuma yawancin motocin da ake shigo mana da su sun riga sun yi shekaru da tiyonsu na asali.

Wani abu da na gani da idona kuma nake roƙo a daina: fayif ya fashe a hanya, sai a ninke shi a buge da guduma, ko a cusa ƙusa a toshe layin tayar, a ce an gyara. Motar za ta yi tauri a feda, amma da ƙafa uku take tsayawa, kuma ranar da aka taka da gaggawa gefe za ta fizga. Fayif na birki ba a yi mashi faci, ba a kuma yi mashi walda, sabo ake sawa.

Fitar da iska

Duk gyaran da ya sa aka buɗe layi, sai an bi shi da wannan. Ka tanadi sabon mai wanda ba a fasa murfinsa ba, kamar rabin lita zuwa lita ɗaya in za ka canja duka, da sifana mai zobe daidai da nifil ɗin motarka, wato ɗan notin fitar da iska, yawanci lamba 8 ko 10, da siririyar roba mai nuna abin da ke cikinta. Sabuwar robar ƙarin ruwa ta kemis tana yi. Sai gorar ruwa da ka wanke ta bushe, da sirinji, da mataimaki mai jin magana. Wannan na ƙarshe ya fi duka wuyar samu.

Zuƙe tsohon man da ke kofi da sirinji, ka cika da sabo. Sa ɗan guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Dalili shi ne, a tsohuwar masta akwai wurin da fistin bai taɓa isa ba shekara da shekaru, tsatsa da datti sun taru a can, in aka tura roba ta bi ta kansu sai ta yage. Masta da yawa a wajen fitar da iska ake kashe su.

Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu, baya dama ce, sai baya hagu, sai gaba dama, a ƙare da gaba hagu. Wasu motocin, irin Honda da yawa, daga gaba hagu suke farawa, don haka in littafin motar yana nan a duba shi. Nifil shi ne ɗan ƙaramin noti mai rami da ke saman kalifa ko bayan duram. Goge shi, ka fesa mashi man kwance tsatsa, ka ɗan ƙwanƙwasa kan sifana da tafin hannu. Kada ka yi mashi ƙarfi, domin in ya karye a ciki aikin yini ya same ka. Sa sifanar tukuna, sannan ka cusa robar a kan nifil, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a gindin gora.

Daga nan sai kira da amsa, inji a kashe. Ka ce wa na ciki, "Taka." Ya taka a hankali sau uku, ya riƙe, ya ce, "Na riƙe, Oga." Ka buɗe nifil kamar kwata na zagaye. Mai zai fito da kumfa, feda ta sauka a ƙafarsa har kan katako. Ka rufe nifil, sannan ka ce, "Saki." Duk aikin a wannan tsarin yake. In ya saki kafin ka rufe, layin zai zuƙi iska ya koma ciki, kun koma gidan jiya. Kuma kada ya yi irin famfon nan na sauri-sauri da yaran gareji suke so, bam-bam-bam, domin yana farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. A maimaita har sai man da ke bi ta robar ya zama garai, babu ƙwayar iska ko ɗaya. Sau biyar zuwa goma a kowace taya yakan isa.

Bayan kowane buɗewa huɗu ko biyar, tashi ka leƙa kofi. In ya ƙafe, masta ta sha iska, sai an faro daga farko. Man da ya fito cikin gora ba a mayar da shi. In ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti, kuma a kiyaye ido.

In kai kaɗai ne, akwai hanya mai cin lokaci: cika kofi, buɗe nifil ɗaya, ka bar man ya riƙa ɗiga da kansa cikin gora har kumfa ta ƙare, kana ƙara mai. Tana aiki a kan ƙananan gyara, amma ba ta kai ta mutum biyu ba.

An fitar da iska, laushi bai tafi ba

Abu na farko da zan duba, in an taɓa canja kalifa, shi ne inda nifil yake. Dole ya kasance a sama da inda tiyo ya shiga, domin iska sama take hawa. Kalifar dama da ta hagu suna kama da juna, kuma ta dama takan zauna a hagu daram, sai dai nifil ya koma ƙasa. A haka ko galan guda aka zuba iskar tana nan. Masu sayen kayan Beljiyam su lura da wannan tun a shago.

Na biyu saitin baya. Ta ɗan ramin da ke bayan duram ko bayan an cire shi, ana juya wani ƙarfe mai haƙora har lainin ya fara shafar duram kaɗan, sannan a ɗan mayar da shi baya. In duram ya yi rami ya faɗaɗa fiye da adadin da aka rubuta a jikinsa, saiti ba zai riƙe ba. Kada a ja wayar birkin hannu a ce an yi saiti, wannan rufe ciwo ne.

Na uku, motoci masu ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa in an taka birki da ƙarfi. In kofi ya taɓa ƙafewa, iska takan maƙale cikin akwatin ABS, inda famfon ƙafa ba ya isa. Wannan sai an kai wa masu kwamfuta su jona na'ura, ta kunna famfon akwatin yayin da ake buɗe nifil. Ba aikin gida ba ne.

In duk waɗannan lafiya, kuma feda tana nutsewa a gwajin nan na taushin ƙafa, sai a sauke masta. Ana iya sa mata sabon kit, wato sabbin robobin cikinta, idan cikinta sumul yake. Sa yatsa ka shafa, in ka ji kaushi ko rami, kit ɗin wata biyu zai yi. Ni na fi son sabuwa mai kyau a kan tsohuwar da ba wanda ya san tarihinta. Kafin a ɗaura ta, a kama ta a bais, a cika kofinta, a mayar da bakunanta cikin kofin da gajerun robobi, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta daina tashi. Wanda ya tsallake wannan zai wuni yana neman iska a tayoyi alhali tana sama. Notin fayif kuma da hannu ake fara ɗaura shi, don zarensa yana da saurin goce wa.

Maganar mai

Dubi murfin kofi, an rubuta irin man da motar take sha, DOT 3 ko DOT 4. Waɗannan biyun da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, kuma motar DOT 3 za ta sha DOT 4 lafiya, amma ba a saukar da ta DOT 4 zuwa 3. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya garwaya da su. Halin man birki shi ne yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in suka sha ruwa ma'aunin yakan faɗo zuwa 140 da 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika layi, tururi kuwa iska ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, daga Katsina zuwa Jibiya ko Kano babu gangaren da zai gasa birki, shi ya sa mutum zai yi shekaru da ruɓaɓɓen mai bai sani ba, sai ranar da ya yi lodi ya nufi Filato ya gangara Hawan Kibo ƙafarsa na kan birki. Kalifar da ta cije ma tana dafa mai ko a cikin gari. In ka tsaya ka kusantar da hannu ga tayoyi, wadda ta fi sauran zafi ita ce. A canja mai duk shekara biyu, kuma gwangwanin da aka buɗe ya kwana watanni a but ya riga ya sha damina.

Ruwan Omo da wasu direbobin haya ke zubawa in mai ya ƙare yana riƙe feda na ɗan lokaci, amma a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin ƙarfen masta da silinda daga ciki. Baƙin mai ko man giya ko na sitiyari sun fi shi ɓarna, don suna kumbura duk robar da suka taɓa. In aka yi kuskuren zuba su, ba wanki kawai ba, sai an canja robobin layin gaba ɗaya.

Kafin a hau titi

Ƙara matse kowane nifil daidai ƙima, mayar da hulunansu na roba, cika kofi zuwa layin sama kada ya wuce. In an sa sabon fad, famfa feda har ta yi tauri kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, domin takun farko fanko ne, kuma bangon gareji da yawa sun shaida haka. Tayar da inji, ka riƙe feda da ƙarfi na minti ɗaya, wani ya zagaya da tocila yana duba duk inda aka kwance. Sannan ka nemi layin da babu yara da awaki, ka gwada a gudun kilomita 20, sai 40, hannunka sakwa-sakwa a kan sitiyari don ka ji ko tana ja gefe. Da daddare ajiye ta a kan busasshen siminti ko ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin tayoyin. Da safe kafin ka tayar da ita, dubi kwalin, ka dubi layin kofi ko yana inda ka bar shi.